Wutar Da Gari Ya Mallaka

 

Ina gaida mutanen Tursa da Rara da Gandi da Tofa, da sauran ƙasar Rabah baki ɗaya. Ina gaida mutanen Wurno da Achida. Ina gaida na Goronyo, har da masu kwana a fadama suna gadin albasa da tafarnuwa. Iyayenmu mata da ke cikin gida kusa da rediyo, sannunku da aiki.

Yau maganar wuta za mu yi. Wutar lantarki. Amma ta ƙofar lafiya za mu shiga. Abu guda nake son faɗa, kuma zan yi ta nanata shi har mu rabu. Lafiyar mutanen karkara tana buƙatar wuta. Wuta kuma ba ta daɗewa sai in tana da mai ita. Wanda ya fi cancanta ya zama mai ita kuwa, shi ne garin da kansa.

To, bari mu fara da tambayar da wani zai yi. Me ya haɗa wuta da lafiya?

Mu shiga ƙaramin asibitin gari da ƙarfe biyun dare. An kawo mace tana naƙuda. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce a bakin aiki. Hannuwanta biyu duk suna cikin aiki, don haka ta cije wayarta da haƙori, fitilar wayar tana haska mata. Ko kuma ta miƙa wa ƙanwar mai naƙudar tocila, ta ce haska nan, a'a, nan. Jariri ya faɗo. Alhamdu lillahi. Amma jini bai tsaya ba. A cikin wannan duhu za ta duba daga ina jinin yake zuwa. A cikin wannan duhu za ta nemi jijiya ta sa ƙarin ruwa. In ƙari aka samu, a haka za ta yi ɗinki.

Iyaye mata, kun fi ni sanin wannan dare.

Akwai allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Sunanta oksitosin. Wannan allura sanyi take so. In ta daɗe cikin zafi irin namu, ƙarfinta yana raguwa. Kwalbar tana nan yadda take. Rubutun da ke jikinta yana nan. Amma a yi ta, aikinta ya zo da rauni. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu jego a ƙasar nan.

Haka allurar rigakafin yara. Yawancinta tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8 ake ajiye ta. Uwa ta goyo ɗanta, ta tako tun daga wani ƙauye, ta bi layi, an yi wa yaro allurar ƙyanda. Ta koma gida hankalinta kwance. Ita ba ta da hanyar sanin ko firjin ya kwana a kunne ko ya kwana a mace.

Wannan matsala ba a ɓoye take ba. A shekarar 2008 wata likitar mata daga Amurka, Laura Stachel, ta zo wani asibitin gwamnati a Zariya don binciken abin da ke kashe mata wajen haihuwa. Ta tarar da ma'aikata sun san aikinsu, amma in dare ya yi aka ɗauke wuta, sai fitilar kananzir da tocila. Ta koma ta gaya wa mijinta, Hal Aronson, wanda ya san aikin sola. Ya haɗa ɗan ƙaramin kayan wuta da ke shiga cikin akwatin tafiya. Yau wannan akwati yana haska ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama. Daga duhun wani ɗaki a Zariya dabarar ta taso.

Mu fito daga asibiti, mu je bakin ruwa.

Rijiyar burtsatse mai tanki a sama, wuta ce ke tura mata ruwa. In akwai wuta, famfo na zuba, yara na ɗiba. In babu, a koma rijiyar da ba ta da murfi, ko tafki, ko gulbi. Ba mu manta da daminar 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya ratsa jihohin Arewa, har da Sakkwato. Ciwon nan ta ruwa da abinci yake bi. Garin da famfonsa ke zuba kullum ya toshe masa babbar hanya.

Sauran kuma kun san su, ba sai na daɗe a kai ba. Zafin bazara da ke wuce ma'auni 40 a watan Afrilu, tsofaffi da jarirai su fi kowa jigata. Mutum ya yaye gidan sauro saboda zufa, sauron fadama ya samu yadda yake so. Kifin dam da nono da tumatir su lalace kafin a kai kasuwa. Mace ta yini tana surfe da daka har ƙirjinta ya riƙe, don kuɗin niƙa ya tashi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ga janareta. Hayaƙinsa akwai wata iskar guba a ciki, ba ta da wari, ba ta da launi. Don Allah kada a kwana da shi cikin ɗaki ko zaure a rufe. Ya sha kashe mutanen gida guda cikin barci.

Abu ɗaya ne ba zan yi muku alkawarinsa ba. Ƙaramar tashar sola, irin wadda za mu yi maganarta nan gaba, ba za ta raba iyayenmu da hayaƙin murhu nan kusa ba. Girki yana cin wuta da yawa. Wannan wata magana ce ta daban, za mu ware mata ranarta.

To, mun ga lafiya na buƙatar wuta. Yanzu mu juya ga tambaya ta biyu, wadda ta fi zafi. Me ya sa wutar da ake kawo mana ba ta daɗewa?

Hanya biyu wuta ta saba zuwar mana.

Ta farko ita ce ta waya da turaku, wadda har gobe muke kira NEPA, ko da yake an daɗe da sauya sunan. Tun daga 2013 aka shiga miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. Mu nan Sakkwato, tare da Kebbi da Zamfara da Kaduna, kamfani ɗaya ke riƙe da mu. Wani gari an kafa turaku an ja waya. Wani ko turke babu. Inda aka ja ɗin ma, ga yadda abin ke tafiya. Taransifoma ta ƙone. A jira wata, a jira biyu. Sai dattawa su zauna a ƙofar gidan mai gari, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo. A yi karo-karo. Mai shago ya bayar, mai injin niƙa ya bayar, har bazawara ta kunce bakin zanenta ta bayar. A gyara, ko a sayo wata.

To, ranar da aka ɗora ta, ta wa ce?

Ba ta garin ba ce. Ta shiga cikin kayan kamfani. Hukumar da ke sa ido kan harkar wuta ta ƙasa ta sha faɗa cewa sayen taransifoma da turaku ba aikin masu shan wuta ba ne, aikin kamfani ne. Amma mutane sun gaji da duhu, sai su biya. Ku lura da wannan da kyau, jama'a. Mun daɗe muna ɗaukar nauyi irin na mai abu. Abin da ba mu samu ba shi ne iko irin na mai abu.

Hanya ta biyu ita ce ta kyauta. Ɗan majalisa, ko gwamnati, ko wata ƙungiyar agaji ta kawo fitilun sola na kan titi, ko burtsatse mai sola, ko firji a asibiti. An gode, Allah ya saka. A yi taro, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Shekara ta farko lafiya lau. Ta biyu haske ya fara raguwa. Ta uku sai turke a tsaye, kansa a mace.

Ku zo mu tsaya gindin irin wannan burtsatse mu duba. Tankin yana sama, ba ko ɗigo a ciki. Farantan sola sun yi fari fat da ƙurar hunturu, tun yaushe rabon da a goge su. An yanke wata waya an tafi da ita. Allon da ke ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin shi kaɗai ne bai lalace ba. Ka tambayi yaran da ke wasa a wurin, na waye wannan? Su ce na gwamnati ne. Ka tambayi babba, wa ke riƙe da makulli? Ya ce sai dai a tambayi kansila. Sau da yawa abin da ya mutu ɗan ƙaramin abu ne, wanda kuɗinsa bai kai na rago ba. Amma babu wanda aka ɗora wa, babu kuma asusun da za a taɓa.

Ga abin da masu kawo kyautar ba su cika tsayawa su bayyana ba. Farantin sola yana iya shekara 20 yana aiki, har ya wuce. Batir ba haka yake ba. Batir irin na dalma 'yan shekaru kaɗan yake yi, zafinmu kuma yana ƙara rage masa kwana. Na zamani, mai lithiyam, ya fi daɗewa, amma shi ma yana da ranarsa, kuma ya fi tsada. Wato tun ranar da aka kunna sola, ranar mutuwar batirinta na tafe. In ba a tara kuɗin sabo tun daga watan farko ba, to an riga an yanke wa wutar wa'adi.

Shi ya sa nake ta maimaitawa. Wuta ba ta daɗewa sai in tana da mai ita.

Yanzu bari in ɗauke ku mu leƙa waje, mu ga yadda wasu manoma suka yi da irin wannan matsala.

Amurka da kuke ji, a wajen 1935, cikin gidajen gona goma ɗaya ne kawai ke da lantarki. Birane suna haske, ƙauyuka suna duhu. Kamfanoni sun ce jan waya zuwa karkara ba riba. Maganar da muke ji a yau, ita suka ji. A waccan shekara shugaba Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara, a 1936 aka yi mata doka. Gwamnati ta ce za ta ba da rance mai sauƙi. Manoma suka kafa ƙungiyoyin gama kai. Aka bi gida gida ana karɓar dala biyar ta shiga ƙungiya, a lokacin da dala biyar ke da wuyar samu. Suka ci bashin, suka kafa turaku, suka ja waya, suka biya sannu a hankali. Kafin shekara 20 yawancin gonakin ƙasar sun samu wuta. Har yau ƙungiyoyin suna nan, wajen 900, suna ba mutum sama da miliyan 40 wuta. Mai shan wutar shi ne mai kamfanin. Shi ke zaɓen shugabanni. In an samu rara, a rubuta masa kasonsa.

Wani zai ce ai waccan Amurka ce. To ga Bangaladash, ƙasar Musulmi manoman shinkafa, masu fama da ambaliya kamar yadda muka sha a kwarin Rima. A 1977 suka kafa hukumar wutar karkara, suka ɗauki wannan tsari suka gyara shi daidai da ƙasarsu. Yau suna da ƙungiyoyi wajen 80 da ke rarraba wuta a ƙauyukansu.

Amma a nan sai in ja kunne. A ƙasashen nan biyu, gwamnati ba ta naɗe hannu ta ce talaka ya ji da kansa ba. Ita ta kawo jarin farko. Ita ta horar da ma'aikata. Ita ta riƙa bin littattafan kuɗi. Don haka kada wani mai mulki ya ji wannan sharhi ya ce madalla, an sauke mana nauyi. Ba a sauke ba. Abin da muke cewa shi ne, ku kawo jarin, amma ku damƙa abin a hannun da zai riƙe shi.

Mu dawo gida. Shin wannan tsari baƙo ne a wurinmu?

Ko kaɗan. Ku dubi madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984. A filayen noman rani da ke shan ruwanta, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, musamman a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa. Manufar ita ce manoma da kansu su riƙa yashe ƙananan hanyoyin ruwa, su tsara wa zai sha yau wa zai sha gobe, su tara kuɗin gyara. Manomi ya san in ya bar hanyar ruwa ta cushe, albasarsa ce za ta ƙone. Wanda ya iya raba ruwa da maƙwabcinsa bisa ƙa'ida, zai iya raba wuta.

Ku dubi adashin mata. Babu lauya, babu ɗan sanda, amma zubi na tafiya, kwasa na zagayowa. Ku dubi yadda ake gina masallacin Juma'a da kuɗin jama'a, a kuma ci gaba da kula da shi shekara da shekaru. Ba a taɓa jin an ce rufin masallaci na yoyo ana jiran kansila ba.

Ta fannin sola ma an fara a jiharmu. A Kurdula, cikin ƙaramar hukumar Gudu, an kafa ƙaramar tashar hasken rana a 2018, da tallafin Tarayyar Turai da gwamnatin Jamus, wani kamfani yana gudanar da ita. Ta nuna cewa ƙauyen Sakkwato zai iya samun tasharsa, mutane su sayi wuta su biya. Doka ma ta buɗe ƙofa. Tun 2016 aka fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi. Wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista kawai take buƙata. A 2023 kuma aka yi sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Ga Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, mai riƙe da kuɗin tallafi na irin wannan aiki. Ƙofa a buɗe take. Amma gari mai ƙungiya da rajista da asusu ya fi saurin shiga, a kan garin da ya aika mutum ɗaya da takardar koke.

To, a aikace, yaya abin zai kasance a gari kamar Tursa?

Kowane gida da ke son wuta ya shiga ƙungiya, ya biya kuɗin shiga, a ba shi rasit. Mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Alhajin da ke da injin cashe shinkafa ƙuri'a ɗaya. Mai sayar da ƙosai ƙuri'a ɗaya. Alhaji zai fi shan wuta, zai fi biya, amma ba zai fi murya ba. In aka saki wannan ƙa'ida, ƙungiya ta zama shagon mutum ɗaya.

Kowa da mitarsa ta kati. Abin da ka saya shi za ka sha. Babu bil na ƙiyasi, babu rigimar wane ya fi wane.

Kuɗin da aka tara a raba shi tun daga tushe. Kaso na albashin mai kula da tasha. Kaso na ƙananan gyare-gyare. Sai kason batir. Wannan na ukun a kai shi banki, a sa hannun mutum uku kafin a cire. Ba a ranta shi don biki. Ba a ranta shi don siyasa. Ko mai gari ne ya nema, a ba shi haƙuri.

A zaɓi matasan gari biyu ko uku, a tura su su koyi aikin sosai. Su ne masu goge faranti da sassafe lokacin hunturu. Su ne masu duba waya da batir. A biya su, don aikin sa kai yana gajiya.

Masu injin niƙa da masu walda da masu ban ruwa, a ja su su yi aikinsu da rana tsaka, lokacin da wuta ke zuwa kai tsaye daga faranti ba ta bi ta batir ba. A rage musu farashi a wannan lokaci. Su ne za su riƙe tashar da cinikinsu. Fitila da cajin waya kaɗai ba sa biyan kuɗin tasha.

Ba dole ne gari ya yi komai shi kaɗai ba. Ana iya haɗa hannu da kamfanin da ya san aikin. Gari ya ba da fili, ya sa hannun jari, kamfani ya kawo gwaninta. Amma a rubuta yarjejeniya, a fassara ta da Hausa, a karanta a bainar jama'a kafin kowa ya dangwala hannu.

Yanzu ga inda mallaka da lafiya suka haɗu, kuma nan ne zuciyar maganata. Kamfanin da ke nesa, asibitin garinku mai shan wuta ne kawai a wurinsa, kamar kowa. In bai biya ba a yanke. Amma in ku ne masu tashar, kuna iya zama ku yanke hukunci. Ku ce layin asibiti da na burtsatse daban ne. In hadari ya rufe rana kwana biyu batir ya yi ƙasa, a kashe na shaguna, a kashe na gidan kallon ƙwallo, a bar ɗakin haihuwa da firjin allura. Ku ce kowane kati da aka saya, a ɗora ɗan abu kaɗan a kai don wutar asibiti. Wannan hukunci ba mai yanke shi sai wanda matarsa ko 'yarsa za ta haihu a ɗakin.

Saboda haka dole mata su samu kujera a kwamitin. Kujera ta gaske, mai ƙuri'a. Ma'aji ma in aka ba mace, ba a yi asara ba, uwar adashi ta riga ta nuna mana. A sa ma'aikacin asibiti a ciki. A sa wakilin kwamitin raya gunduma, tun da su ne aka ɗora wa sa ido kan asibitocin matakin farko.

Kula da lafiyar jama'a ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Wurno har ya rasu a can a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Shugabanninmu na gargajiya da malamanmu suna da abin koyi a gida. In suka tsaya a bayan irin wannan ƙungiya, a matsayin iyaye masu sa ido, ba masu riƙe da jaka ba, za ta yi ƙarfi.

Na san akwai masu saurare da ke girgiza kai. Bari in amsa musu.

Wani ya ce, malam, abinci ma da ƙyar, ina kuɗin wuta? Gaskiya ne, ana cikin matsi. Amma ɗan'uwa, zauna ka lissafa abin da ke fita daga aljihunka a mako. Batirin tocila. Cajin waya a shago. Fetur na injin ban ruwa. Ƙanƙara da azumi. Kuɗin mashin zuwa Rabah ko Wurno don abin da asibitin gari zai iya yi da yana da wuta. Kana biyan kuɗin wuta tuntuni, sai dai a warwatse. Wanda kuma ba shi da hali ko kaɗan, marayu da tsofaffi, ƙungiya ce ke iya duba shi, don ita ta san shi.

Wani ya ce, mun ga ƙungiyoyi, an tara kuɗi an cinye. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne abin da na fi tsoro. Maganinsa kada a dogara da kirkin mutum kaɗai. Mutumin kirki ma in aka bar shi da kuɗi ba mai tambaya, an jefa shi cikin jarrabawa. A karanta lissafi duk wata a gaban jama'a, da babbar murya, don wanda bai iya karatu ba ya ji. A manna shi a bangon asibiti. A sa wa shugabanci wa'adi. Tambayar ina kuɗinmu kada ta zama rashin kunya. Kuma a nisanta ƙungiyar da jam'iyya. Ranar da aka ce wutar 'yan wane ce, rabin gari ya daina biya.

Sai magana mafi nauyi. Wani ya ce, mu da ba ma barci da ido biyu, kake mana zancen sola? Ɗan'uwa, na ji ka. Ba mu manta da harin Tabanni a 2018 ba, da jama'ar da suka kwararo Gandi neman mafaka. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya. Fitila ba ta maye gurbin tsaro. Tsaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati, ba za mu daina nema ba.

Amma ku duba wani abu. A da, in haihuwa ta zo da gardama cikin dare, a nemi mota a nufi Sakkwato. Yau hanyoyi da yawa ba sa biyuwa bayan magariba. Ɗan ƙaramin asibitin gari shi ne kaɗai asibiti har gari ya waye. To ashe yanzu ne ya fi buƙatar haske. Garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira kuma, bakin da ke shan ruwan burtsatse ɗaya ya ninka. A irin waɗannan wurare ya kamata a fara. A kafa farantan a tsakiyar gari, kusa da asibiti, inda idon kowa ke kai.

Kuma ba sai an fara da babbar tasha ba. A fara da abin da ke ƙasa. Burtsatsen nan da ya mutu. Firjin nan da ya daina sanyi. In gari ya iya tayar da su, ya riƙe su shekara guda da asusu da lissafi, ya samu shaidar da zai nuna wa duk mai son kawo babban jari.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ga saƙona gare ku.

Iyayenmu maza, ranar Juma'ar nan in an sauko daga masallaci, kada a watse nan da nan. Ku taka tare ku je asibitin garinku. Ku tambayi ma'aikaciyar da ke kwana, da me take gani in haihuwa ta zo da dare. Ku buɗe firjin ku sa hannu. Daga nan ku wuce gindin burtsatse, ku nemi wanda ya san abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. Iyayenmu mata, ku tayar da maganar a wurin adashi da wurin suna, ku zaɓi waɗanda za su yi magana da yawunku. Matasa masu karatu, ku sayo littafi, ku rubuta sunayen gidajen da suka yarda, ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku tambayi jami'in ƙungiyoyin gama kai yadda ake rajista.

Duk garin da ya fara, ya aiko mana da labari, za mu karanta wa sauran su ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya sauki masu ciki lafiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba.